Kwalbar da Bai Kamata Ta Yi Haske Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma?

Raina a ɓace yake. Ka san ƙwayar cutar nan dangin agana da nake bincike a kanta. Da injin kwafinta take shiga jiki, kuma injin ba ya fara karanta saƙon gado sai ya ga wata 'yar alama a gabansa, kamar lambar ƙofa. Na lalata alamar da gangan. In injin ya karanta saƙon, kwalbar gwaji takan yi haske, don haka tawa bai kamata ta yi ba. Yaya, ta yi, har da kashe ido!

Aikin Dogo ne, abokin teburina. Firjinmu ɗaya, gurbin aiki ɗaya muke nema, kuma kwanan nan gaisuwarsa ta yi yawa. Musanya min kwalabe ya yi don a ce ban iya ba. Wurin Farfesa zan kai shi.

Autarku

Auta,

Saƙo ya iso. Ƙafa da sauƙi, Umma na gaishe ki.

Ke fa tun kina ƙarama, in takalminki ya ɓata sai kin kama wani. Kin ga Dogon yana musanyawa da idonki? Gaisuwa dai ba laifi ba ce. Sake gwajin tukuna, ki ajiye inda hannunsa ba ya kaiwa.

Amma in faɗa miki gaskiya, ran da na zo wurinku ya tambaye ni yaushe za ki yi aure ki huta. Tambayar ba ta kwanta min ba.

Allah ya tsare.
Yayanki

Yaya,

Barka da aiki. Ban iya jira ba, maganarka ta ƙarshe ta ishe ni hujja. Farfesa ya kira Dogo a gabana. Ko musu bai yi ba, kallona kawai ya yi, ya cire farar rigarsa ya rataye a ƙusa. An sallame shi. Ai mai gaskiya ba zai yi shiru haka ba, ko?

Yanzu makullin firji na wuyana. Na haɗa komai sabo, ni kaɗai.

A gaida gida.
Auta

Yaya,

Ta sake yin haske. Ba wanda ya taɓa ta sai ni.

Farfesa sai murna yake, wai ga alama injin yana da wata hanyar gane inda zai fara, kuma gurbin ya zama nawa. Ya ce in kwashe kayan Dogo daga teburin in baza nawa. Hoton 'yarsa na nan manne a jikin bango, na kasa ɓanɓare shi.

Kada ka gaya wa Umma na samu aiki tukuna.

Auta