Littafin Kawu Na Saman Kwaba

Daren Lahadi, Unguwar Alibandeng

Yau na sha kunya, har yanzu kunnuwana zafi suke.

Shekara shida ke nan littafin Larabcin da marigayi Kawu Idi ya bari yana saman kwabata, naɗe cikin farin ƙyalle. Ba na taɓa shi sai da alwala. Ni allo kawai na yi a Maraɗi, ba na jin Larabci, amma duk baƙon da ya zo sai na ce masa tarihin Sahabbai ne.

Bayan la'asar na kai wa sabon limaminmu, Malam Sani, a gaban jama'a, na ce ya karanta mana mu sami albarka. Ya yi bisimilla, ya juya shafi. Na ga gemunsa na rawa.

"Malam, da wane Sahabi aka fara?" na tambaya.

Ya ce, "Alhaji, babin farko dai maganin zawon kaji ne."

Mamman, direban motar garin Owendo, har da riƙe ciki don dariya.

Da na gaya wa matata Hadiza, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Wato kajina da suka ƙare bara, maganinsu na saman kanmu kana masa turaren wuta?"

Gobe da kanta za ta kai wa Malam littafin, ya karanta mata maganin kajin. Ɗazu na tashi in sauko mata da shi, sai na tsinci kaina a bakin famfo ina alwala.