Buhun Albasa

Asabar, 6 ga Satumba 2025
Ba zan yafe wa Sama'ila ba. Taubashina ne, na sani, amma wasa ma yana da iyaka. Yau ya zo majalisarmu a Bodinga da wayar asibitinsu na Shagari, wai akwai wata manhaja mai basirar na'ura a ciki, tana auna ƙiba. Ya ɗauki hotona, ya zagaya cikina da awo, ya shigar. Sai ya karanta da ƙarfi: "Mode, ta ce kana cikin ja. Ƙiba mai haɗari, hawan jini na bisa hanya." Wani ya ce, "Buhun albasa!" Har Liman sai da ya juya kai yana murmushi.

Litinin, 8 ga Satumba
Yaran kasuwa sun kama sunan. Ni, mai 'ya'ya shida.

Juma'a, 19 ga Satumba
Na sa Firdausi 'yata ta saka min manhajar a wayata, a ɓoye. Zan rame, in tsaya gabansa cikin tsohuwar rigar aurena, in sa ya karanta sakamakon da bakinsa a wurin da ya kunyata ni. Na nuna wa manhajar hoton furata, ta ce sukari ya yi yawa. Na nuna mata masa, ta ce biyu sun isa. Biyu! Halinsu ɗaya da shi, sai dai ita ba ta dariya.

Laraba, 1 ga Oktoba
Sama'ila ya aiko a ba shi aron motata zai kai kaya Lambara. Na ce ta lalace. Na wuce ta ƙofar gidansu da ita, a hankali.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Yunwa. Binta matata ta soya nama, na fita daga gidan. Duk laifinsa ne.

Talata, 28 ga Oktoba
Na fita daga ja, na shiga rawaya. Binta ta ce, "Maigida, ka bar minshari, wallahi." Sai kuma ta ce tun rasuwar Yaya Habibu, da ya yanke jiki ya faɗi a gona, Sama'ila ke kiranta yana tambayar ko ina yawan haki. Wa ya sa shi? In damuwa ce, me ya hana shi faɗa min mu biyu?

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Na je Kajiji ganin albasa, na bar mota a bakin titi na taka da ƙafa. A hanyar dawowa sai ga Sama'ila tsugune, babur ya mutu, kayan rigakafi ɗaure a baya, rana na dukansu. Ya ɗago. "Mode, kai na? Ban gane ka ba daga nesa."

Na wuce abina. Na yi nisa, sannan na dawo na kama babur ɗin ta baya. Har bakin titi muka tura, shi ne ma ya fara haki.

Ba don shi na yi ba. Manhajar ce ta ce in ƙara motsa jiki yau.