Surukina Ya Mayar Da Jakar Barci Matashin Kai

Assalamu alaikum Anti Bilkis. Don Allah ki ba ni shawara kafin sanyin bana ya kwantar mana da tsoho.

Ni 'yar unguwar Manawashi ce, mijina Abba Gana direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki a hanya. Mahaifinsa, Baba Fannami, yana tare da mu tun da rikici ya taso su daga ƙauyensu a Borno. Mun gyara masa ɗaki har da labule, amma ko sau ɗaya bai kwana ciki ba. A baranda yake shimfiɗa tabarma, daf da ƙofar gida. Da zafi ban damu ba. Yanzu kuwa da asuba nakan tarar bargon ya zame, ƙafafunsa a waje, ga tari da ya ƙi barinsa.

Ƙanena Misbahu yana sayar da gwanjo, shi ya samo mini jakar barci, irin wadda mutum ke shiga ya ja zif har wuya. Na wanke ta, na turara, na aika wa Baba. Ya sa mini albarka kamar na kai shi Makka. Washegari na ga ya naɗe ta ya yi matashin kai da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma suruki ne, ko ido ba na iya haɗawa da shi balle musu. Sai 'yarsa Fanta ta gaya mini dalili. Wai ya ce sau ɗaya za a naɗe shi haka, ranar da ba shi zai naɗe kansa ba. Kuma wai wanda ke cikin buhu, in an buga ƙofa, kafin ya lalubo zif an gama da yara. Da na ji haka sai da na yi kuka a kicin.

Anti, jakar ba ta fi bargo ɗumi ba? In sa mijina ya matsa masa, ko in zuba ido? In wani abu ya same shi mai gida ba ya nan, ban san da bakin da zan yi bayani ba.

Mai Damuwa, Manawashi

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya saka miki, ba kowace suruka ke leƙa ƙafar tsoho da asuba ba.

Kin yi gaskiya, jakar ta fi riƙe ɗumi, domin ba ta zamewa kuma iska ba ta samun kafar shiga. Amma Baba ma bai yi ƙarya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗumin da zai hana shi runtsawa ba shi da amfani, don haka kada a matsa masa, ko ke ko mijinki.

Fara da ƙasa. Yawancin sanyin da ke shigarsa daga siminti yake, tabarma kuwa ba ta tare komai. A samo masa gadon katako, in babu a jera kwalaye a ɗora katifa. Jakar kuma ki zuge zif ɗin gaba ɗaya ta baje kamar bargo, ko tela ya cire shi ya lulluɓe ta da atamfa. Ta zama shimfiɗa ke nan, babu mai kiranta buhu. A sama ki ba shi barguna biyu marasa nauyi maimakon ƙato ɗaya, ki cusa bakinsu na wajen ƙafa a ƙarƙashin katifa, gefe da gefe a sake yadda zai yaye ya miƙe lokacin da ya so. Ki haɗa da hular sanyi da safa. A kafa zana ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, amma kada ta tare masa ganin ƙofa. In kuma ana kai masa kaskon gawayi, a ɗauke shi kafin ya kwanta.

Tarin ne ba zan yi sassauci a kansa ba. Kada ki jira Abba Gana ya dawo, ki kira shi yau ya roƙi mahaifinsa, Fanta ta raka shi asibiti. In da hali su shaida wa likita yadda barcinsa yake tun barin gida, wannan ma ciwo ne da ake dubawa.

Ki daina ganin ya raina kyautarki. A ransa aiki yake yi a bakin ƙofar nan, 'ya'yanki yake gadi. Ranar da kika kai masa sabuwar shimfiɗar, ki durƙusa ki ce kuna samun barci ne saboda yana wurin, shi ya sa ba ku so ya kwanta ciwo. Da wuya ya mayar da ita matashin kai.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kwantar masa da hankali, ke kuma Ya ba ki masu yi miki haka.

Anti Bilkis