Gangar Baba Iorliam

Asabar, 3 ga Mayu, 2025
Mnena, mai sayar da doya kusa da shagona, ta roƙe ni in je Assakio in ɗauki waƙoƙin mahaifinta, Baba Iorliam. Abokan kiɗansa duk sun rasu, shi kaɗai ya rage, ga ciwon ƙirji. Na ce ai da sauƙi: ganga a layi ɗaya, sarewa a wani, murya a sama, sai in haɗa. Ban gaya mata laftof ɗina ta girmi autarta ba.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je a mashin, makirufo naɗe cikin tawul. Ganga ta shiga lafiya. Na sa masa abin kunne ya ji kansa, ya yi dariya har da tari. "Wane ne wannan yana buga? Ya iya."
Batirin laftof ya mutu kafin azahar. Babu wuta. Na tattara kayana na dawo.

Talata, 13 ga Mayu
Mai gyara ya ce irin batirinta ya daina zuwa, fankarta ma ta gaji. "Muhyiddin, ka bar tsohuwar nan ta huta." Da me zan yi aikin?

Asabar, 17 ga Mayu
Sarewa. Na ari janareta, ƙararsa ta cika makirufo, sai da muka kai shi bayan rumbu. Da layuka suka ƙaru, sauti ya fara tsalle, yana isa kunnen Baba a makare. Ya cire abin kunnen. "Yarona, gangan nan yana jan ƙafa." Na ɗora laftof a kan randa ta huce. A haka muka lallaɓa.

Asabar, 24 ga Mayu
Yau murya. Waƙar da ya yi wa matarsa lokacin da ta rasu. Ba na jin yarensu na Tibi, amma tsigar jikina ta tashi. Mnena ta ajiye wuƙa da doyar da take ferewa.
A tsakiyar waƙar allo ya daskare. Na gani. Na danna, na sake dannawa, shiru. Na kasa tsayar da Baba, idonsa a rufe. Sai gyaɗa kai nake kamar komai na tafiya.
Da ya gama ya ce, "Ya shiga?"
Na ce, "Baba, mu sake."
Ya ce, "Gobe. Yau numfashi ya ƙare."

Lahadi, 25 ga Mayu
Bai iya tashi ba, in ji Mnena.

Laraba, 28 ga Mayu
An kawo shi asibiti nan Lafia. Ya riƙe hannuna, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Ranar Asabar wayata na cikin aljihu. Ko ita na kunna a gefe... Ban yi tunani ba.

Litinin, 2 ga Yuni
Ya rasu. Na tura laftof ƙarƙashin gado. Na gama da wannan aikin.

Juma'a, 20 ga Yuni
Mnena ta dawo kasuwa, ta rame. Ta ce in kawo abin da ya samu ta ji. Na so in ƙi, na kasa. Ganga da sarewa suna ta tafiya, wurin murya fayau. Can sai ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, ta tsaya, ta kama, ta sake tsayawa. Rabi ta sani. Sauran, in ji ta, yana bakin gwaggonta a Doma, ita ma ta tsufa ƙwarai.
Na kira ta da sunan da ake kiranta a kasuwa, na ce, "Maman Seember, na'urar nan ba ta da tabbas. Kin gani da idonki."
Ta ce, "Na gani." Ta koma wajen doyarta.
Da la'asar na kira mai janareta, ko gobe yana da aiki da shi. Tambaya kawai na yi.