Oba-obar da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga yayana Idrisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Jidda. Saƙonka ya iso, na ji ka ce za ka ƙaro mana oba-oba masu babban batir. Kada ka aiko. A fili nake rubuta maka wannan, inda 'yan garinmu za su karanta, domin an ce maka Baba ya ɗan zame ne a gona, kuma ƙarya aka yi maka.

Ka tuna dalilin da ya sa ka sayi na farko. Layin waya ya ɗauke, ga Baba da hawan jini, ga shi ba mai raba shi da hawasharsa, gonar da ya gada. Ka aiko guda biyu ta hannun wani direban Managil, ka saita su a lamba ɗaya, ka ce ɗaya a aljihun Baba, ɗaya a hannuna a gida. Da farko har daɗi abin ya yi. Baba zai danna ya ce, "Hawwa'u, ruwa ya shigo, a ɗora jabana, gahawa nake so." Sai ya manta bai saki maɓallin ba, ina tsakar gida ina jin yana yi wa jaki faɗa.

Sai Baffa Sale ya gano cewa abin yana kama tashar FM.

Ka san ƙanen Baba, ka san shi da zuwa bika, wato ta'aziyya. Daga Wad Haddad har Makwar babu zaman makokin da ba a ganin rawaninsa, ko ya san mamacin ko bai sani ba. Tashar kuwa kullum tana karanto sunayen waɗanda suka rasu da inda ake zaman gaisuwa. Shi ke nan, ta gida ta bar hannuna. Ya kafa kujera a rumfar ƙofar gida, ya miƙe eriya, dattawa suka kewaye shi. Da an ambaci suna sai gardama: wannan surukin wane ne, motar wa za a hau, wancan gidan bijimi suke yankawa ko tunkiya. Wallahi, Yaya, mutum ya mutu, 'ya'yansa na kuka, su kuma suna lissafin nama. Tir!

Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce in bar shi, ai Sale a bakin ƙofa yake wuni, in ya kira, shi zai fara ji. Kuma gaskiyarsa, haka aka yi abin: da kira ya shigo tashar take yin shiru, muryar mai kira ta fito.

To wannan shirun ne ya dami Baffa. Wai ana tsakiyar faɗin sunan mamaci Baba zai katse don neman shayi. Ranar kasuwa ya kai oba-obar wurin mai gyaran waya, aka gusar da ita daga lambarmu zuwa wadda ba kowa a kai. Ya dawo ya zauna abinsa, bai gaya wa kowa a cikin gida ba.

Ranar da layin ban-ruwa ya zo kanmu, Baba ya fita da hantsi. A bakin tur'a, magudanar ban-ruwa, wurin buɗe wa dawa ruwa, jinin ya buge shi. Ya faɗi, ƙafafunsa cikin taɓo, ɓarin dama ya mutu. Hannun hagu na aiki. Da shi ya zaro oba-obar ya danna, ya yi abin da ka koya masa.

Ni kuwa ina gindin murhu ina yin kisra, wainar dawa, ina jin tashar ta bayan katanga tana ta jero matattun mutane. Hankalina kwance! Tunda ba ta yi shiru ba, ai Baba bai kira ba. Har yau ko ƙanshin kisra ba na son ji.

Wanda ya ji shi wani Balarabe ne mai amalanken jaki a ƙauyen da ke ƙetaren tur'a, tasa oba-obar ta dace da lambarmu. Ka san Baba da Larabci kamar ruwa, amma da wuya ta kai wuya Hausa kaɗai ta zo bakinsa. Mutumin bai ji komai ba sai sunaye. Bawan Allahn nan ya bar aikinsa, ya bi ƙauyukan Hausawa yana tambayar inda ake da Sale da Hawwa'u a gida ɗaya. Sai bayan la'asar ya iso rumfarmu. Sai da Baffa ya rage muryar rediyo kafin ya ji abin da ake tambayarsa.

Mun sami Baba rana ta gasa masa fuska, leɓensa ya tsage, abin yana damƙe a hannunsa. Likita ya duba shi, ya tambaya tun yaushe, da aka faɗa masa sai ya girgiza kai kawai.

Baffa ya ɗaga hannu sama ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta taka zuwa kasuwa ta canja lamba ba. Kuma ka san me? Washegari ya shigo duba ɗan'uwansa, abin na cikin aljihun jallabiyarsa yana magana ƙasa-ƙasa, kada wata bika ta wuce shi. A gaban mutane na sa hannu na zare oba-obar, na jefa a randa. Mata suka ce ba ni da kunya, uba ne. Su faɗa. Dattawan rumfar da suka san an canja lambar suka yi gum, su ma ina gaishe su, na san suna karantawa.

Yanzu Baba na kwance a kan angarib, gadon igiya, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da cokali. Magana ba ta fita sosai. In na shafa masa mai a ƙafa sai ya riƙe mini mayafi da hannun nan mai rai, kamar zan gudu.

Mai amalanken ya dawo gaishe shi jiya. Da na raka shi ƙofa ya gaya mini abin da ya ji. Ya ce tsohon ya kira Sale, ya kira ni, ya yi ta kira har murya ta dushe. Daga nan ya bar mu, ya koma kan suna ɗaya, shi yake ta maimaitawa har ƙarfinsa ya ƙare. Sunanka ne, Yaya. Ya san teku na tsakaninku, ya san abin ba ya kaiwa can, amma kai ya kira.

Ka nemi izini wurin mai gidanka ka taho. Ban san kwana nawa suka rage masa ba, kuma ba zan iya ce masa kai ma ba ka ji ba.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya saka wa mai amalanke da Aljanna. Allah Ya buɗe maka hanya, Ya kawo ka idonsa na ganinka. Amin.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Hawwa'u