Ba yayen Gagarawa ne ya kashe maka aure ba

Bismillahi. Yau Talata, 6 ga Mayu 2025, ƙarfe goma da kwata na safe, ni Hannatu Gudaji, mai shekara arba'in da bakwai, nake rubuta wannan a ɗakina a Gumel, hankalina ƙalau. Jibi za a yi mini aiki a ciki. Likita ya ce takwas cikin goma suna tashi lafiya. Na nemi ya maimaita, ya maimaita.

Na ɗaya. Takardar digirina ta ilimin halayyar ɗan Adam, wadda na karɓa wata huɗu da suka wuce, ta 'yata Rayhana ce. Littattafaina na ɗana Anas ne. Kawunku Ɗantsoho ya ce batsa na je karantawa da furfurata, a ƙone su. Ko shafi ɗaya kada a ƙone. Ku gaishe shi da ladabi, ku kulle akwatin littattafan.

Na biyu, kai Abdulfatah. Ga sunanka na rubuta, ni da kunyar ɗan fari ta hana ni furta shi shekara ashirin da takwas. Ka karanta a takarduna cewa sha'awar mutum tun yana jariri take ginuwa, daga baki take farawa, kuma wanda aka cire daga nono da gaggawa yakan girma da tabo. Sai ka aiko wa Rayhana saƙo: wai ranar da na shafa maɗaci a nono, na kai ka gidan kakarka Inna a Gagarawa, ranar na kashe maka aure biyun da ka yi. Wata bakwai ke nan ba ka tako gidan nan ba.

Ban yarda ba. Likitan Vienna da ya kawo wannan ra'ayi, sama da shekara ɗari da suka wuce, yawanci daga abin da majinyatansa manya suka tuna na ƙuruciyarsu ya gina shi. Yaron da ya fi kafa hujja da shi ma, kusan duk labarinsa daga bakin ubansa ya ji. Bai taɓa ganin gidan da kaka ke goyo, uwa na sunkuyar da kai ba. Na yi hira da 'ya'yan fari arba'in da biyu a Gagarawa, Sule Tankarkar da Maigatari, duk yayen kaka. Talatin da ɗaya suna zaune da matansu na fari. Adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci, na sani. Amma ya isa in ce maka matanka biyu fushinka suka gudu wa. Ka nemi gafararsu, ka daina ɓuya a bayan karatuna.

Na uku. Watanka goma sha tara aka yaye ka, ba goma sha biyu ba kamar yadda kake faɗa. Ƙuli-ƙulin da ake kai maka duk Alhamis da sunan babanka, Allah ya jiƙansa, ni nake soyawa. Ba zan nemi gafarar al'adar da na tarar ba. Abin da nake neman gafararka a kai shi ne shirun.

Rayhana, Anas, kada ku rama abin da ya yi. Yayanku ne, a gidansa za ku riƙa yin Sallah. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku.

Abin da ban sani ba: ko ina cikin takwas ɗin nan; ko likitan can yana da wata gaskiya da ƙidayata ba ta kama ba; abin da ka ji a daren farko a bayan Inna, domin ban taɓa tambayar ka ba; da ko za ka zo asibiti jibi kafin ƙarfe takwas, in kira ka da bakina.