Alhaji da Ɓerayen Lab

Laraba, 12 ga Nuwamba, 2008, Gorton

Na gaji. Tun safe ina lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, a Oxford Road, ina yi wa ɓeraye allurar stem cells, ƙwayoyin halitta masu gyara jiki, a ƙwaƙwalwa, mu ga ko ƙafar da ta shanye za ta motsa. Ɗaya ya ɗan taka yau, sauran shiru.

Ina saukowa daga bas maƙwabciyata Hajiya Ramatu, 'yar Kumasi, ta tare ni. Ta ji a masallaci wai ina aikin maganin shanyewar ɓarin jiki. Ta ja ni wurin mijinta Alhaji, yana zaune, hannun damansa yashe a kan cinya.

Ta ce, "'Yata, ki yi masa allurar nan. Likitanmu, GP, ya ce sai haƙuri."

Na ce, "Mama, ni ba likita ba ce. Gwaji ne, har yanzu a kan ɓeraye muke. Sai an yi shekaru."

Alhaji ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "To ki sa ni cikin ɓerayen."

Ni da Hajiya muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Tuwon da ta zuba mini yana kicin, na kasa ci.